Atamfar Inna

Talata da dare, Gaya ta Nijar

Saura kiris tela Idi ya ɓata mini atamfar marigayiya Inna. Na kai masa atamfar da hotonta tana budurwa, sanye da riga 'yar daidai mai siririn hannu, amma na dawo na tarar yana auna soson kafaɗa.

"Hajiya, shi ma ɗinkin da ne," in ji shi.

Na da ne, amma ba na zamanin Inna ba. Na tsani yayin nan, mace ta fito kamar soja! Na fizge turmina kafin almakashi ya taɓa shi, don shi kaɗai ta bar mini.

Gobe zan ƙetara gada zuwa Malanville ta ƙasar Benin, wurin tsohon da ya ɗinka mata rigar hoton. An ce idonsa ya yi rauni. Ni zan zura masa zare a allura, shi kuma ya ɗinka mini irinta.