Eulogio Ya Ji Ni

Yaya Casilda,

Gaisuwa mai yawa daga Kordoba. Ya ƙafar Inna? Ya yara? Mu lafiya lau. Ni da na koyar da adabi a garinmu Tarija, ga ni ina girka wa attajirai masu harbin kurciya abinci, amma ba komai.

Kin san aikin ɗura musu harsashi cikin ƙarar bindiga ya cinye kunnen mijina Eulogio. To, maigidan da muke wa aiki ya ba shi abin rufe kunne mai batir. Na ɗauka toshewa kawai yake yi. Ashe ƙarar bindiga yake datsewa, raɗa kuwa ya ƙara mata ƙarfi. Allah ya isa tsakanina da maƙerinsa!

Na kai masa abinci filin harbi, na yi ƙunƙunin da na saba a bayansa: "Kurman banza, ka raba ni da garina, ka mai da ni kuku."

Ya juyo a hankali. "Herminia, tun yaushe kike faɗin haka?"

Yaya, na so ƙasa ta tsage in shige. Kada Inna ta ji. Ki kunna mini kyandir a coci, ki kuma gaya mini yadda zan roƙi gafararsa, don yanzu da ya hango ni sai ya kashe abin.

Ƙanwarki,
Herminia