Mun rufe Baba, ƙanwata ba ta sani ba

Assalamu alaikum ƴan uwa. Admin, a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara.

Ranar wata Laraba bayan la'asar, a gidanmu na Korgom, da ni da Inna da Kawu, ƙanen Baba, muna zaune gefen gadonsa. Baba ya ce idan ta Allah ta kasance, kada a gaya wa ƙanwata Hadiza sai ta gama karatu. Washegari muka rufe shi.

Hadiza tana karatun dokta a ƙasar waje. Aikinta a labo, ɗakin bincike, shi ne tsirar da wani irin kiristal cikin tanda mai tsananin zafi, siriri ƙwarai, sai da madubin ƙara girma ake ganinsa, ana yin na'urorin gane haske da shi. Ya daɗe yana lalacewa, sai bana ya fara fitowa daidai. Malaminta ya ce ta maimaita shi a jere kafin sutenans, ranar kare aikinta gaban malamai, in ta bar tandar yanzu wani ɗalibi za a ba, bus ɗinta, kuɗin tallafin karatu, kuma tana ƙarewa.

Ni ma'aikacin rediyo ne a Tasawa, ni ke karanta sanarwar rasuwa. Ta Baba ban karanta ba, saboda Hadiza tana sauraren shirina ta waya yayin da take gadin tandar. Dangi na Mayahi har yanzu suna fushi, wai mun rufe dattijo kamar marar kowa.

Kullum tana turo vokal, saƙon murya. Tana turo hotunan kiristal ɗin, ƴan ƙanana masu kusurwa uku, wai a nuna wa Baba, don shi ke ce musu layun Hadiza. Ni kuwa sai in ce yana gona, ko yana barci. Inna ta ce ta gaji, ɗiya tana da haƙƙin yin kukan ubanta. Kawu ya ce wasiyya ce, wanda ya karya ta ya san da wa ya yi. Sun daina gaisawa.

Na san halinta. In ta ji, a ranar za ta baro komai. In ta ji daga baya, ban san ko za ta ƙara yarda da muryata ba.

Jama'a, in gaya mata, ko in riƙe maganar Baba?

Jiya ta tambaye ni lambar takalminsa, za ta yi masa tsaraba. Na tura mata.