Takardar da Za Ku Janye Bayan Raina

Da sunan Allah. Ni mahaifinku ne ke rubuta wannan da hannuna. Jiki ya ƙi, amma hankalina garau yake, kada wani ya ce maganin likita ne ke magana.

1. Gida da abin da ke ciki a raba yadda addini ya tsara. Littattafaina na Auta ne, tunda ita ta gaji wahalata.

Shekara talatin na yi ina neman yadda ƙarfe mai araha zai taimaki lantarki ya raba ruwa, kumfar iskar haidirojin gefe, ta oksijin gefe, a huta da tsadar ƙarfen filatinam da aka saba amfani da shi. Mahaifiyarku, Allah ya jiƙanta, takan ce ni kaɗai ake biya albashi don in zauna kallon tsatsa.

2. Takardar binciken da ta yi mini suna, ku rubuta wa mujallar da ta buga ta a janye ta. Ba ƙarfena ne ya raba ruwan ba. Sandar da na tsoma a ɗaya gefen kwalbar gwajin ta filatinam ce, ta riƙa narkewa kaɗan-kaɗan tana liƙewa a jikin ƙarfen. Ita ke aikin, ƙarfe na shan yabo. Sai bayan shekara biyu na gane, kuma na ja bakina na yi shiru.

Abokin aikina Dogo, wanda kuke hawa kafaɗarsa kuna yara, ya maimaita gwajin da sandar gawayi maimakon ta filatinam, bai ga kumfar kirki ba. Na miƙe a gaban mutane na ce hannunsa ne ba shi da tsabta. Ya tattara ya bar aikin, har ya rasu ban taka ƙofarsa ba. Tun daga nan ba na iya zama kusa da ruwa yana tafasa. Da ya fara kumfa sai in ji gyaran muryar Dogo a bayana, irin wanda yake yi kafin ya gaya mini na yi kuskure. Wallahi ina tsoron haɗuwa da shi.

3. Ku biyun ku je ku karanta wa matarsa wannan. Kada ku matsa mata ta yafe mini.

4. Babba, ranar da ka ce sakamakon nan akwai lauje a ciki, na kore ka daga falo. Kai ke da gaskiya. Auta, gabar da kike yi da yayanki saboda ni ta ƙare yau.

Shekara huɗu kenan kina ɗakin gwaji kina neman kumfar da na ce na gani. Ina kallo kina wanke kwalba ɗaya sau uku, kina cewa ke ce ba ki iya ba, ban ce uffan ba. 'Yata, hannunki lafiyarsa ƙalau.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, kada ku bari zumunci ya yanke. Babba, ranar da ƙanwarka za ta karanta wannan kada ka bar ta ita kaɗai, kuma kada ka hana ta jin haushina.