Akwatunan Hajiya Kulu

Zuwa ga Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Malam da yara. Yaya ƙafar Inna, da sauƙi?

Yaya, na soma 'yar sana'a ranakun da ba na zuwa aikatau. Tsofaffinmu na nan ƙasa mai tsarki da za su koma ƙaramin ɗaki, ni nake taya su rage kaya. Wallahi da na sani ban fara ba.

Makon jiya na je unguwar Balad wurin wata Hajiya Kulu, wadda ta zo hajji da ƙuruciyarta, har yau ba ta koma ba. Ƙarƙashin gadonta akwatuna ne cike da tsarabar da za ta kai gida: carbi, kwalli, turare, jallabiyoyi. Tana ɗagawa tana cewa, "Wannan na Baba ne, ya rasu. Wannan na ƙanwata ne, ita ma." Daga ƙarshe ta ce, "Halas, shi ke nan, 'yar nan, kwashe ki ba da sadaka."

Ina komawa unguwarmu Sa'alaba na buɗe nawa akwatin. Ga ɗan takalmin da na saya wa 'yata Binta tana koyon tafiya, ga shi kin ce an sa ranar aurenta.

Ki gaida kowa, ku sa ni a addu'a. Ki ce wa Inna na daina tara tsaraba. Bayan hajjin bana ina tafe, ko da hannu Rabbana ne.

Ƙanwarki,
Talatu