A Cire Hotona Daga Allon Asibitinku

Zuwa ga Likita, mai asibitin kuɗi da ke hanyar Akurba, Lafiya.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawar da ta dace da shekarunka da iliminka. Na rubuto a fili ne domin duk lokacin da na nemi ganinka, sakatariyarka cewa take kana mitin.

Ni ce Rakiya, 'yar unguwar Bukan Sidi, ɗaya daga cikin waɗanda ka ɗauka a shirinka na koyo tare da aiki. A rediyo muka ji tallan: za mu koyi kula da ƙafa, musamman ta masu ciwon suga, ana biyanmu albashi, a ƙarshe wata jami'a ta ba mu digiri. Na bar aikina a kemis na zo. Mahaifiyata har waina ta toya ta raba wa maƙwabta.

Na farko, koyarwa. Ƙwararren da ka ce zai riƙa zuwa daga Abuja, ranar buɗe shirin kawai muka gan shi. Ya ci shinkafa, aka ɗauki hoto, ya shiga mota. Ɗan abin da na iya na yankan farce da kankare kantar ƙafa, a bidiyon waya na koya. Amma ka raba mana fararen riguna, ka ce duk wanda ya kira mu "Dokta" mu amsa.

Na biyu, kayan aiki. Na'urar dafa kayan aiki don kashe ƙwayoyin cuta ta lalace tun daminar farko. Almakashin da aka taɓa ruɓaɓɓen gyambo da shi, a bokitin roba ake ɗauraye shi a kai wa na gaba. Na yi magana, manajanka ya ce ina da iyayi.

Na uku shi ne Malam Buba, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami. Dattijo ne makiyayi, mai ciwon suga. Ƙaya ta soke shi a diddige bai ji ba, har wurin ya zama gyambo. Ranar da na kwance tsumman da ya ɗaure ƙafar, na same ka a ofis na ce wannan ya fi ƙarfinmu, a tura shi babban asibiti. Ko tashi ba ka yi ba. Ka ce, "A wanke a ɗaure, ya dawo ran Juma'a." Ya dawo, naman ya fara baƙi. Na sake faɗa maka, ka ce idan muna korar kwastoma da me za a sayi man janareta. Da na gaya wa ɗansa gaskiya a bakin ƙofa, sai ka kira su ka ce ni ɗaliba ce, ban san komai ba. Ranar ce kaɗai ka tuna ni ɗaliba ce. Suka yarda da kai, don kai ne babba, ni kuma aka mayar da ni wurin yankan kati.

Zuwansa na ƙarshe, tun daga cikin keke warin ya riga shi shigowa. Abokiyar aikina ta buɗe bandejin ta tarar da tsutsa. Ta fita da gudu ta yi amai a bayan tankin ruwa, kai kuma ka sa aka fesa turare a ɗakin jira. Babban asibitin da aka kai shi daga baya, a ƙasan gwiwa suka yanke ƙafar. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana bin shanu a ƙasa, yanzu sai an ɗauke shi ake kai shi bayan gida.

Na je duba shi a rugarsu. Ya sa aka dama mini fura, ya ce, "Dokta, kin yi ƙoƙarinki, haka Allah ya rubuta." Wallahi Likita, ban iya shan furar nan ba.

Na huɗu gajere ne. Na je jami'ar da kake ambata da ƙafata. Ba su taɓa jin sunan shirinka ba. Washegari na ninke farar rigarka na ajiye a kan teburin manaja.

Makon jiya na wuce a kan okada, sai ga sabon allo a ƙofarka, da hotona ina murmushi, ana kiran sabbin ɗalibai. Sai na ji kamar na taka ƙazanta.

Ga abin da nake nema. A cire hotona. Ka dakatar da ɗaukar 'ya'yan mutane har sai ka kawo malami na gaske da jami'ar da ta san da ku. Ka daina kiran ɗalibai likitoci. Ina kuma roƙon hukumomin da ke sa ido kan asibitoci su shiga ɗakin wankin ciwon nan ba tare da sanarwa ba. Sannan kai da kanka ka je rugar Malam Buba. Ɗansa zai nuna maka hanya. Ka zauna a kan tabarmarsa, ka dubi inda wandonsa ya ninke, ka gaya masa wanda ya hana a tura shi.

Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai. Ya kare ka da iyalinka daga faɗawa hannun wanda bai san aikinsa ba, ko wanda ya sani ya kau da kai.

Wassalam.

Rakiya, Bukan Sidi, Lafiya.