Ƙarar Wasanka a Gonar Shinkafa

Goronyo, ranar Talata

Zuwa ga Yaya Mu'azu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata wagga takarda ta iske ka lafiya kai da iyali, Allah shi ƙara maka rufin asiri can Fatakwal. Mu nan lafiya lau muke. Ƙafar Baba Maccido ta yi sauƙi, har shina zuwa Juma'a ba sanda. Ruwan dam ya wadata bana, shinkafarmu ta fadama ta fid da kai. Inna Safara'u na nan wurinmu tun da ɓarayin daji sunka shiga ƙauyensu na wajen Shinaka. Ta fara cin abinci sosai, amma ko kwano ya faɗi sai ta zabura.

Ka sha tambayata labarin shagon wasa da ka bar mani amana, ni kuwa ina ta zagaye-zagaye a waya. Gaskiya ita ce, Yaya, ba mai zuwa. Kwamfutocin nan uku lafiyarsu lau, kullum safe ina share su, amma samari sun koma waya. Na leƙa abin da suke bugawa, na ga mutum kwance cikin ciyawa shina jira, ya fi minti goma bai motsa ba, wai dabara. Namu kuwa ka san shi: ba ɓuya, ba hutu, gudu da harbi tun daga ƙofar farko. Lawwali, wanda da sai an kashe janareta kafin shi tashi, ya gwada kwanan baya ya ce kainai na juyawa, wai wasan tsofaffi ne masu hawan jini. Na ce da shi ba wasan ne ya tsufa ba, yatsunai ne sunka yi kitse.

Ban faɗa maka haka don ranka shi ɓaci ba. Ni da ban wuce aji huɗu ba, a shagon ga na koyi haɗa waya da gyaran soket, yau har masu injin ban-ruwa na kirana. Kuma wasan ya koya mani ganin abin da ya gifta ta gefen ido kafin kowa shi gani. Ba ni da bakin gode maka.

To ga abin da ya sa na rubuto. Tsuntsayen jan-baki sun sauka fadama kamar hadari. Igiya da gwangwani da muke kaɗawa sun zame masu kiɗa. Sai na tuna yadda kajin maƙwabta ke watsewa in munka ƙure ƙarar wasan. Na ɗauki ƙarar harbin a waya, na ɗora babbar lasifikar shago da batirin mota bisa amalanke, na kai gona da hantsi, na ƙure ta. Wallahi Yaya, tsuntsu ko ɗaya bai saura ba. Ina ta dariya ni kaɗai. Da na waiga, sai na ga har mutane babu. Masu ban-ruwa sun bar injinansu na aiki, takalma warwatse bisa kunya. Tunanin tsuntsu ya cika mani kai, na manta wane lokaci muke ciki.

Kafin in kashe, 'yan sa-kai sun iso bisa babura da bindigoginsu na gaskiya. Allah ya sa Yusha'u na gidan Malami na gaba, ya gane ni, ya ɗaga hannu ya tsai da sauran. Ya ce da ni in ba don ya san rigata ba, da yanzu ana yi wa Baba gaisuwa. Amma abin da ya fi ci mani rai, Inna na kan hanyar kawo mani fura. A cikin magudanar ruwa munka iske ta, ta dunƙule, ƙwaryar ta kife, tana kiran sunayen mutanen ƙauyensu.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce in bi gida gida in ba da haƙuri, in fara da ita. Kwana uku ba ta dube ni ba. Ran na huɗu ta ce in kai ta ta ga abin da ya jefa ta cikin laka. Na cire wayar sauti, na zaunar da ita bisa bencin da kake zama, na kunna. Tana kallo ina gudu lungu lungu cikin wasan. Can ta tambaye ni mi mutumin ga ya yi ake korarsa haka, kuma ko ba shi da gida. Sai ta ce in bar bawan Allah shi huta. Na ɗauke hannuna. Shekara shida ina wanga wasa, ban taɓa sanin in ka sake shi tsayawa yake ba. Ya tsaya gaban wata taga, munka zauna mu uku ba mai gudu. Daga nan ta dafa kaina ta ce ta yafe, amma furar da ta zube, ni ke binta bashin wata, ba ita ke bina ba.

Don haka nake roƙon izininka, tunda kayanka ne. Ina son in ba masallacin unguwa lasifikar, tasu ta daɗe tana shaƙewa, in mai da shagon wurin gyaran inji. Kwamfuta guda zan bari a lungu, ba sauti, ranar da ka taho mu buga ni da kai, ka ga ko har yanzu kana iya cin ƙanenka.

Ka gai da Ruƙayyatu da ɗiyarku Ma'u. Baba da Uwaliya na gaishe ka. Inna ta ce in hwaɗa maka tana sa ka cikin addu'a, kuma mutumin naka na nan tsaye bakin taga, ta hana a tashe shi.

Ƙanenka mai godiya,
Jelani