Kiɗan Da Ba Wanda Ya Tuna

Danau Kota, Kuala Lumpur

Yaya Eli,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da Mama kuna lafiya.

Kaina ya ɗaure. Ka san jarrabawar ƙarshe ta gita na tafe. Ranar Asabar wata ƙawata ta haɗa ni da wani dattijo ɗan Gambiya, Malam Sharif, mai kaɗa kora. Wata babbar ƙwarya ce da aka rufe da fata, tsirkiyoyinta sun fi ashirin. Abokin kiɗansa ya kwanta rashin lafiya, sai aka ce in maye gurbinsa a wani zaure a Bukit Bintang.

Na tambaye shi me za mu kaɗa. Ya ce, "Ban sani ba tukuna, 'yata. Zo mu ci abinci."

Haka muka hau dandali ba gwaji. Ya fara, na bi shi a tsorace. Na yi kuskure, sai na ji ya ɗauki kuskuren ya maimaita. Daga nan ban san wa ke bin wani ba.

Ƙanwarka,
Dinah

Kafanchan

Dinah,

Muna lafiya, Mama na gaishe ki.

Na karanta sau biyu ban gane ba. Ni na koya miki gita a coci, ban taɓa barinki ki taɓa tsirkiya ba tare da takardar kiɗa a gabanki ba. Kun yi abin kunya ne ko an tafa muku? Ki faɗa mini a fili. Kuma ki koma kan karatunki.

Yayanki,
Eli

Yaya Eli,

Barka da war haka.

An tafa. Ashe malamata tana cikin zauren. Ta ce ba ta taɓa jin na yi kiɗa irin wannan ba, shi take so in kawo ranar jarrabawa.

Yaya, ban tuna ko kaɗan ba, kuma ba wanda ya naɗa. Na garzaya wurin Malam Sharif ya tuna mini. Ya ce, "Ni ma ke nake shirin tambaya."

Na kwana uku ina lalube, duk abin da na kaɗa ba shi ba ne. In na faɗi, sai na maimaita shekara.

Ka sa ni a addu'a.
Dinah

Yaya,

Ina gaisuwa. An yi jarrabawar. Na shiga da Malam Sharif, muka kaɗa wani abu dabam. Masu jarrabawar sun daɗe ba su rubuta komai ba, sannan ɗaya ya tambayi sunan kiɗan. Na juya wurin Malam Sharif, na tarar shi ma ni yake kallo.

Sakamako bai fito ba. Kada ka gaya wa Mama tukuna.

Taka,
Dinah